Wahalolin Binciken Ciwon Taɓin Hankali a Unguwannin Hausawa na Ikko

Lacca domin wayar da kan jama'a



Duk gwamnatin da ta yi niyyar gina asibiti, ko sayen magani, ko horar da ma'aikata, tilas ne ta fara sanin abu uku: mutum nawa ne ba su da lafiya, ina suke zaune, kuma wurin wa suke zuwa neman magani. Game da kyanda ko zazzaɓin cizon sauro, samun amsa bai cika wuya ba, domin ciwon yana bayyana a jiki, ga kuma gwajin jini. Amma ciwon taɓin hankali babu ma'aunin da ke nuna shi. Sai an zauna da mutum an tambaye shi, shi kuma ya amince ya faɗi abin da ke ransa. Nufin wannan lacca shi ne a bayyana abubuwan da ke sa wannan bincike ya yi wuya a ƙasa mai ƙarancin kuɗi da ma'aikata irin Nijeriya, a kuma nuna dalilin da ya sa ya kamata jama'a su ba da hannu a cikinsa. Za a ɗauki misali da Hausawa mazauna Ikko, watau Legas, musamman na Idumota da Agege, domin kusan dukan wahalolin sun taru a wurinsu.

Tun da farko ya kamata a san cewa mutumin da ya tuɓe ya shiga kasuwa kashi ɗaya ne kawai, kuma ƙarami, daga cikin masu wannan ciwo. Akwai mai baƙin ciki mai tsanani wanda ya daina cin abinci, ya kasa barci, ya kasa fita aiki. Akwai mai fargabar da ba ta da dalili, da mai jegon da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, da saurayin da ƙwaya ta lalata, da tsohon da ya rikice har ba ya gane 'ya'yansa. Duk waɗannan suna da magani ko taimako a wurin likita, in an san da su.

TARIHI A TAƘAICE

Turawan mulki sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, suka buɗe na Yaba a Ikko a 1907, Dakta Adeniyi-Jones ne likitan farko da ya kula da shi. A wancan zamani tsarewa ce manufa, domin haka da yawa daga cikin marasa lafiya a gidajen kurkuku aka ajiye su. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ma a kan tsarewa ta tsaya. An aiko likitoci su duba al'amarin su rubuta rahoto, ciki har da Dakta Cunyngham Brown a shekarun 1930 da Dakta Carothers a shekarun 1950, amma yawancin abin da suka gani a bayan katangar gidajen mahaukata da kurkuku ne.

Al'amari ya sake a 1954, sa'ad da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta. Marar lafiya yakan zo da ɗan'uwansa su kama ɗaki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, ya je shan magani da rana, ya kwana cikin mutane da dare. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 1961 shi da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyuka da garin Abeokuta suna tambayar mutane, aka buga sakamakon a 1963. Wannan yana cikin binciken farko irinsa a Afirka. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

ABIN DA AKA RIGA AKA SANI

Babban binciken da aka yi a ƙasa shi ne na 2001 zuwa 2003, wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun ya jagoranta. An tambayi mutum 6,752 a jihohi 21, cikin harsunan Yarbanci da Hausa da Ibo da Efik. A kashin da aka yi a yankin masu jin Yarbanci, inda aka tambayi mutum 4,984, an tarar kashi 12.1 cikin ɗari sun taɓa fama da wani nau'in ciwon a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, daga cikin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, kimanin kashi 8 cikin ɗari ne kaɗai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Har wa yau, a 2015 an yi wani bincike a Jihar Ikko inda aka tambayi mutum 11,246, aka tarar kashi 5.5 cikin ɗari suna da alamun baƙin ciki mai tsanani, kashi 3.5 kuma suna da alamun fargaba.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani ƙwarai. Amma su kansu masu binciken farko sun faɗi cewa adadin da suka samu ya yi ƙasa, kuma yadda ake gano ciwon ta hanyar tambaya yana cikin dalilan haka. To, a nan ne wahalolin suke.

WAHALA TA FARKO: MUTANEN DA BA SA CIKIN LISSAFI

Mai bincike ba ya iya tambayar kowa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki jerin unguwanni da gidaje daga hukumar ƙidaya, ya zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, ya shiga kowane gida ya tambayi mutum ɗaya. In jerin ya tsufa, ko bai cika ba, sakamakon ma ba zai cika ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. Ko a ta 2006 ɗin an yi gardama, domin hukumar ƙidaya ta ba Jihar Ikko mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar kuwa ta ce sun haura miliyan 17. Bugu da ƙari, ba a tambayi ƙabila ko addini a ƙidayar ba, saboda haka babu adadin hukuma na Hausawan da ke Ikko.

Alhali kuwa Hausawa ba baƙi ba ne a garin. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a 1863, wadda ita ce tushen sojan Nijeriya, da sunan Hausawa aka san ta. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fataken goro suka kafa zango a Agege, inda ake noman goro ana loda shi zuwa Arewa. Yau akwai iyalai a Agege da Obalende da Idi-Araba waɗanda kakanninsu ma a nan aka haife su. Irin waɗannan suna da gida da adireshi, mai bincike yana iya samunsu.

Amma a ɗauki misalin ɗan ci-rani mai dako a kasuwar Idumota, a gindin gadar Carter. Da asuba ya fita, sai bayan isha yake samun kansa, yana kwana a barandar kanti ko a harabar masallaci tare da 'yan garinsu. Ba shi da ɗakin da ke cikin jerin hukuma. In damina ta faɗi ya koma gida noma. Da mai bincike ya shiga gidajen Ikko ba ya ganinsa, in kuma an je ƙauyensu a Jigawa ko Zamfara da rani, sai a ce ya tafi Kurmi. Haka masu shayi, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi, da 'yan acaɓa. Sa'ad da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ciki har da ta tsibirin Ikko inda Idumota take, mutane masu yawa sun sake wurin zama cikin 'yan kwanaki. Binciken magani kuwa yana bukatar a sake ganin mutum bayan wata uku ko shida domin a san ko ya sami sauƙi. Wanda ya tashi, an yi asarar labarinsa ke nan. Abin baƙin ciki shi ne, waɗannan da ba a iya ƙirgawa su ne ke fama da rabuwa da iyali, da ƙarancin barci, da aikin ƙarfi, da fargabar kamu, watau abubuwan da ke jawo ciwon.

WAHALA TA BIYU: HARSHE

Yawancin takardun tambayoyin da ake amfani da su a Turai da Amurka aka tsara su, da Turanci. Fassara su aiki ne babba. Tun a binciken Aro na 1961 aka lura cewa babu kalma guda a Yarbanci da ta yi daidai da sunan da likitoci ke kiran ciwon baƙin ciki mai tsanani, ko da yake alamunsa suna nan a jikin mutane. Haka abin yake a Hausa. Akwai damuwa, da ɓacin rai, da baƙin ciki, da zullumi, kowace da inda ta dosa, kuma duk ana faɗinsu game da lafiyayyen mutum wanda kasuwa ta juya wa baya. In aka ce hauka kuwa, an wuce gona da iri, mutum zai tashi ya bar wurin.

Daɗin daɗawa, da yawa daga masu wannan ciwo da jiki suke bayyana shi. Sai mutum ya ce kansa yana zafi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. In takardar ba ta tambayi haka ba, sai a rubuta shi cikin masu lafiya. Akwai kuma ladabin magana. Bahaushe in an tambaye shi lafiya, amsa ita ce lafiya lau, ko da kuwa a kwance yake. Wanda ya yi ƙorafi a gaban baƙo ana ganin ya kasa haƙuri da ƙaddara. Matar aure ba za ta faɗa wa namiji baƙo cewa tana kuka da dare ba, balle in mijinta ko ɗanta ne ke yin tafinta. Saboda haka binciken da za a yi a Agege ko Idumota yana bukatar masu tambaya da suka ji Hausa tun daga nono, maza ga maza, mata ga mata, da kuma takardar da aka gwada ta a kan Hausawa aka tabbata suna fahimtarta yadda ake nufi.

WAHALA TA UKU: KUNYA DA TSORO

A wani bincike da aka buga a 2005, wanda aka tambayi mutum 2,040 a ƙasar Yarbawa, kashi 96.5 cikin ɗari sun ce masu taɓin hankali mutane ne masu haɗari. In haka jama'a suka ɗauka, ba abin mamaki ba ne iyali su ɓoye nasu, domin tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansu, ko mai gidan haya ya kore su, ko a daina ba mutum ajiyar kaya a kasuwa. Doka ma ta taimaka wajen ɓoyon, domin har zuwa 2024 sashe na 327 na dokar laifuffuka ta Kudu da sashe na 231 na ta Arewa sun sa yunƙurin kashe kai cikin laifin da ake ɗaure mutum har shekara guda, ko da yake Jihar Ikko ta riga ta mai da hukuncin zuwa kai mutum asibiti.

Akwai kuma tsoron binciken kansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, goma sha ɗaya daga cikin yaran da ke cikin gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan labari yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙi allurar shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ɗan ci-rani kuwa, in ya ga baƙo da takarda da alƙalami, abin da zai fara zuwa ransa shi ne haraji ko rusau.

WAHALA TA HUƊU: BA ASIBITI AKE FARA ZUWA BA

Hanya mafi sauƙi ga mai bincike ita ce ya duba littattafan asibitin Yaba ya ƙirga waɗanda suka zo. Amma wanda ya isa Yaba ya riga ya bi ta hannu da yawa. An kai shi wurin malam an yi masa rubutu da tofi ko ruƙiyya, an gwada hayaƙi da saiwa, wataƙila an je wurin boka. In abin ya ƙi, sau da yawa 'yan'uwa sukan haɗa kuɗin mota a mai da shi gida Arewa. Ke nan littafin asibiti ba zai taɓa nuna shi ba.

Wani bincike da likitoci suka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga a 2004, ya tambayi mutum 250. Kimanin kashi 34 cikin ɗari sun ce shaye-shaye ne ke kawo ciwon, kimanin kashi 19 suka ce nufin Allah ne, kashi 18 suka ce sammu ko iskoki. Da aka zo kan magani, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da maganin malamai. Wannan ya nuna jama'a ba ƙin asibiti suke yi ba ɗungum, nisa da tsada da rashin mai jin harshensu suna cikin abin da ke hana su.

Sai kuma kemis. Idumota tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin sarin magani a ƙasar nan, kuma a watan Fabrairu na 2025 hukumar NAFDAC ta rufe sashen magani na kasuwar na wani lokaci, tare da na Onica da Aba, domin neman jabu da haramtattun ƙwayoyi. Mai aikin ƙarfi da ya kasa barci, ko ya ji jikinsa ya mutu, yakan sayi ƙwaya a hannun mai talla ba tare da takardar likita ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, a wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk wannan ciniki babu littafin da ake rubuta shi.

Mafi muni shi ne gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa, aka kuma gano wasu gidajen a Daura da sauran wurare. Babu wata hukuma da ke da lissafin mutanen nan kafin a fasa ƙofa.

WAHALA TA BIYAR: KUƊI DA MA'AIKATA

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka fitar a 2006 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari na kuɗin kiwon lafiya na Gwamnatin Tarayya ne ke zuwa ga lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kashi 90 na wannan ɗin manyan asibitoci ne ke cinye shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya sun daɗe suna guda takwas, watau Yaba, Aro, Benin, Inugu, Kalaba, Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, daga baya aka ƙara wasu, ciki har da na Dawanau a Kano. A farkon shekarun 2020 ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasu kuma suna ta tafiya Ingila da Kanada da Saudiyya. Likitan da marasa lafiya suka cika masa layi tun safe, yaushe zai sami sukunin bincike?

Saboda haka yawancin kuɗin bincike daga waje yake zuwa, mai ba da kuɗi kuwa yakan zo da tambayar da ta dame shi, da wa'adin shekara uku ko biyar. In wa'adi ya cika, sai aiki ya tsaya. Wani nazari da aka buga a 2001 ya nuna cewa kashi 6 cikin ɗari ne kawai na maƙalolin manyan mujallun likitocin ƙwaƙwalwa suka fito daga yankunan da kashi 90 na mutanen duniya ke zaune.

ABIN DA YA YIWU

Duk da haka, an yi aiki a ƙasar nan wanda duniya ta yi koyi da shi. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin unguwa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin koya wa malaman asibiti gane ciwon da ba da maganin farko, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fara gwada shi. A 2020 mujallar The Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Badun da Kumasi ta Gana a kan marasa lafiya 307, inda masu maganin gargajiya da na addu'a suka yi aiki tare da malaman asibiti. Waɗanda aka yi musu haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Ba a rufe wa kowa sana'arsa ba, kowa ya kama inda ya iya. Irin wannan tsari zai dace da zango, inda Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa suka san kowa da wurin kwanansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta tabbatar wa marar lafiya mutuncinsa, ta hana ɗaure shi da sarƙa, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kuɗi. Amma rabon kuɗin asusu a kan alƙaluma ake yin sa. Unguwar da ba ta cikin lissafi da wuya ta sami rabonta.

HAƘƘIN WANDA AKA ZO TAMBAYA

Tun 2007 Nijeriya take da ƙa'idojin binciken lafiya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa su. Ya kamata kowa ya san waɗannan abubuwa:

1. Mai bincike tilas ya nuna shaidar inda ya fito, da takardar izinin kwamitin da ke duba ƙa'idar bincike.
2. Tilas ya bayyana nufinsa da harshen da mutum yake ji, kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.
3. Mutum yana da ikon ƙi, ko ya janye a tsakiya, ba tare da an hana shi magani ba.
4. Abin da aka faɗa amana ne, ba a kai wa mai gida ko ɗan sanda ko mai karɓar haraji.
5. In tambaya ta nuna mutum yana bukatar magani, ya kamata a nuna masa inda zai same shi.

In an cika waɗannan sharuɗɗa, abin da ake roƙon jama'a shi ne su faɗi gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana roƙon sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan dako da na 'yan acaɓa su karɓi masu bincike, su kuma nemi a komo a gaya musu abin da aka samu. Ana roƙon malamai da masu magani su tura marar lafiyar da ya fi ƙarfinsu asibiti da wuri. Samari da 'yan mata masu ilmi na Agege da Idi-Araba, waɗanda suka ji Hausa da Yarbanci da Turanci, su ne suka fi cancanta da aikin tambaya da tafinta, ya kamata su nemi shiga aikin jinya da likitanci. Wanda kuma yake da ɗan'uwa marar lafiya a ɗaki, kada ya jira sai an zo bincike, ya kai shi asibitin unguwa mafi kusa, ko asibitin Yaba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, ya zaunar da Nijeriya lafiya, amin.